"Ai Tawa Mac Ce, Bairos Ba Ya Kama Ta"

Yau zan fara da abin da ya same mu a ɗan ofishin ƙungiyarmu da ke Badarawa.

Kwamfuta huɗu gare mu: biyu Windows, ɗaya Mac, ɗaya kuma tsohuwa da muka sa wa Ubuntu. Wi-Fi ɗaya muke hawa, kuma akwai folda guda da kowa ke zuba aiki a ciki. Wata rana aka kai filash shagon buga takardu. Da aka dawo, abokinmu mai Mac ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a foldar nan. Tasa ko gezau. Amma sakatariyarmu na buɗewa a Windows, kwamfutarta ta kamu. Duk filash ɗin da ta soka, sai fayilolin su ɓuya. Har da sunayen ɗaliban da muke tara wa kuɗin JAMB, ga rajista ta kusa rufewa. Wallahi ranar ba mu yi barci ba.

To kun ga inda matsalar take? Mai Mac bai kamu ba, amma shi ya kawo cutar gida. Yawancin bairos don Windows ake ƙera su, shi ya sa Mac da Linux ke iya ɗauke da su lafiya lau, su miƙa wa na kusa. Kuma su ma fa akwai nasu, sai dai ba su kai yawa ba.

Shin sai an sayi antibairos mai tsada? A'a. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender kyauta. Mu ne ke kashe shi don mu sa manhajar sata, mu kuma hana sabuntawa saboda tsoron cin data. Mac na da XProtect a cikinta. Linux akwai ClamAV, shi ma kyauta, yana iya tace fayil kafin ya isa ga sauran.

Ku tuna WannaCry a watan Mayun 2017. Ya shiga ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin, mutane ne ba su sabunta ba. Yanzu Windows 7 an daina tallafa masa tun Janairun 2020, amma ku leƙa ofisoshinmu ku gani.

Mu dai mun sa doka: ba a kashe Defender, duk Juma'a a sabunta, filash ɗin waje sai an tace shi, baƙi kuma Wi-Fi ɗinsu daban. Muhimman takardu a ajiye kwafi a wani wuri.

Sunayen yaran mun same su, ashe ɓoye su kawai aka yi. Ba kowa ke wannan sa'ar ba.

Gobe in kun shiga ofis, ku duba wace kwamfuta ce aka kashe wa kariya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.