Allurar Cike Tamoji: Amfaninta da Haɗarinta

Duk wanda ya ratsa gonakin noman rani na Kura da Bunkure, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zai lura da fuskokin manoman da suka shekara talatin ko arba'in suna aikin shinkafa da alkama da tumatir a cikin rana. Tamoji ya kan bayyana a goshinsu da gefen bakinsu tun kafin sa'o'insu masu aikin ofis su fara nasu. Yau kuwa tallar wata allura da aka ce tana shafe tamoji tana isa ga kowa ta wayar hannu, ɗalibi da ma'aikaci da manomi. Don haka ya kamata a san ko mece ce wannan allura, da abin da take iyawa, da wanda ba ta iyawa.

Abin da ke cikinta shi ne sinadarin hayaluronik, wanda Karl Meyer da John Palmer suka gano a Jami'ar Kolambiya ta Amurka a 1934, a cikin ruwan idon saniya. Jikin ɗan Adam da kansa yana yin sa. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15, wajen rabinsa a cikin fata, saura a gaɓoɓi da ido da sauran sassa. Aikinsa shi ne riƙe ruwa, watau shi ke sa fata ta cika ta yi laushi. Yayin da shekaru suka ja, sai ya ragu, kitsen fuska ya zube, zaren kolajin da ke ɗaure fata ya saki. Zafin rana yana gaggauta wannan lalacewa, shi ya sa manomi ke riga ma'aikaci.

Da farko daga zankon zakara ake tatso sinadarin, amma daga bisani aka koma samar da shi ta hanyar kiwon ƙwayoyin bakteriya. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Restylane, wanda aka ƙera a Suwidin, don cike kwarmin da ke saukowa daga hanci zuwa gefen baki. Likita yana zuba shi ƙarƙashin fata, ya jawo ruwa, wurin ya taso. Sai dai gyaran ba mai ɗorewa ba ne, domin jiki yana narkar da shi a hankali, galibi cikin wata 6 zuwa 12, sannan a sake biya a sake yi. Ba ya kuma tsai da tsufa.

Haɗarinsa iri biyu ne. Ƙarami shi ne kumburi da ƙullutu da taruwar jini, ga kuma baƙin tabo wanda ya fi damun masu baƙar fata. Babba shi ne allura ta faɗa cikin jijiyar jini ta toshe ta. In haka ta faru, fatar wurin tana iya mutuwa, in kuwa jijiyar da ke ciyar da ido ce, mutum yana iya makancewa nan take. Hukumar ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan a 2015, ta kuma hori jama'a a 2021 da su guji na'urorin da ke harba sinadarin ba tare da allura ba. Hausawa sun riga sun faɗa, garin neman gira a rasa ido. Akwai maganin da ke narkar da sinadarin, mai suna hayaluronides, amma sai an yi shi da gaggawa, kuma sai a hannun wanda ya san shimfiɗar jijiyoyin fuska.

A nan ne nauyi ya hau kan masu ilimi da ma'aikatan hukuma. Wannan aikin likita ne, ba na shagon kwalliya ko kyamis ba. Mai niyyar yi ya tabbatar cewa mai yi masa likita ne mai rajista, ya ga lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalin, ya tambaya ko akwai maganin narkarwa a ajiye. In yana shakka, ya nemi shawarar likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Darasin man bilicin, wanda NAFDAC ta ayyana a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, ya isa ya nuna abin da ke faruwa idan aka bar gyaran fata a hannun 'yan kasuwa.

Ga yawancin jama'a kuwa, rigakafi ya fi magani sauƙi da araha. Malafar da manomin Bunkure ke sawa, da man kaɗanya a lokacin hunturu, da barin taba, da nisantar bilicin wanda ke cire wa fata kariyarta daga rana, su ne ke jinkirta tamoji. Wanda ya zaɓi allura bayan haka, to ya yi ta da sani, a hannun wanda zai iya ceton idonsa in abu ya ɓaci.