Hikimar Da Ke Cikin Butar Shayi



Na san wasunku sun yi murmushi da suka ji kan maganata. Amma ina roƙo ku ɗan ba ni aron kunnuwanku, domin mu da muke karatun gina gada da ƙera injuna, ban ga dalilin da zai sa mu raina ƙaramar butar nan ta ƙarfe mai shuɗin fenti wadda Buzaye ke dafa shayi da ita ba, daga Agadas har bakin kasuwannin Kano.

Ku dubi gindinta. An yi shi da faɗi don ta zauna daram a kan garwashi, zafi kuma ya ratsa ruwan da sauri. Murfinta a maƙale yake da jikinta, saboda haka ko an karkata ta ƙwarai ba ya faɗowa cikin kofi. Akan kuma bar 'yar kafa a murfin. Wanda bai sani ba sai ya ce aibu ne, alhali ta nan iska ke shiga ta maye gurbin shayin da ya fita, ya zubo sumul ba tare da shaƙewa ba.

Inda hikimar ta fi yawa shi ne hancin butar. Lalle ne ƙarshensa ya kai tsayin bakinta, don ruwa tsayi ɗaya yake tsayawa a ciki da cikin hancin. In hancin ya gaza, shayi zai malalo tun buta ba ta cika ba. An kuma yi shi dogo, mai lanƙwasa, yana tsukewa can ƙarshe, watau don ruwan ya fito siriri kamar zare. Wannan ne ke ba mai shayi damar ɗaga hannu sama ya tsiyaya cikin ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake tsiyayawa, har sukari ya gauraye, kumfa ta taso. Ganyen kuwa, 'yan hudojin da ke tushen hancin su ke tare shi, ya zauna a ciki har dahuwa ta uku.

Akwai wata cuta da ke damun butoci da yawa: in ana zubawa a hankali, sai ruwan ya bi ƙarƙashin hancin ya ɗiga a kan tabarma. Kada ku ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Masani Markus Reiner ya yi rubutu a kanta a 1956, a 2010 kuma masana a birnin Lyon na Faransa suka nuna cewa leɓe siriri mai kaifi, wanda ruwa ba ya manne masa, shi ne maganinta. Maƙerin da ya goge leɓen butarsa har ya yi siriri ya riga ya kai ga rabin wannan amsa da hannunsa.

Ba zan ce butar ba ta da aibu ba. Mariƙinta ƙarfe ne, yana ɗaukar zafi, shi ya sa za ku ga mai shayi da tsumma ko guntun kwali a hannu kullum. A ganina wannan gazawa ce ta mai ƙira, ba ta mai shayi ba. Katako ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, kuma ba shi da tsada. Ina ƙalubalantar 'yan'uwana na sashen injiniya su ƙera mana mariƙin da ba ya ƙona hannu, wanda kuma garwashi ba zai cinye ba, su kawo shi taro na gaba mu sha shayi da shi.