Warin sabon ɗaki: me ke fita daga katako da fenti, kuma yaya ake auna shi?

Kun san warin nan da ke tarar mutum a bakin ƙofar ɗakin amarya idan an gama jere: sabon fenti, sabon gado, sabuwar ledar ƙasa. Mukan ce ai ƙamshin sabo ne. To a gaskiya sinadarai ne masu saurin zama tururi, suna fita daga jikin kayan suna shiga iskar da za a kwana ana shaƙa.

Wanda ya fi damun likitoci shi ne fomaldihaid. Idan aka narka shi a ruwa shi ne fomalin da ake adana gawa da shi a asibiti. Yana cikin gam ɗin da ake haɗa katako da shi a yi allunan MDF da filawud. A 2004 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar, a 2010 kuma hukumar ta ce kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki.

Hanci ba ma'auni ba ne, da ka jima a ɗakin sai ya saba. Masana sukan yanko allon su sa shi a akwatin gilashi ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, su riƙa tura masa tsabtatacciyar iska daidai gwargwado, zafi digiri 23, danshi kashi 50 cikin ɗari. A rana ta 3 da ta 28 sai su zuƙo iskar ta cikin wani ɗan bututu mai kama sinadaran, na'ura ta tantance su ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa har sau biyu? Saboda kayan ba halinsu ɗaya ba. Fenti a sama yake, ya yi ƙarfi kwanakin farko sannan ya lafa. Shi kuwa allo a cikinsa abin yake, sai ya ratso ƙananan ƙofofin katakon kafin ya fito, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa daga randa. Shi ya sa ake lissafa abu uku: yawan sinadarin da ke ciki, saurin ratsowarsa, da yadda katakon ke riƙe shi. Ga kuma danshi, wanda ke warware gam ɗin a hankali ya saki sabon fomaldihaid. Sai a yi watanni, har shekaru, abin bai ƙare ba.

Yanzu ku riƙe wannan digiri 23 ɗin. Wane ɗaki ne a Sakkwato ko Tawa yake digiri 23 a watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano? Zafi na ƙara saurin fitar sinadarin sosai. Don haka alamar E1 da ake bugawa a wasu allunan, mai nuna fitarsa kaɗan ce, shaidar akwati mai sanyi ce, ba ta ɗakinku ba. Amurka ta ga haka bayan guguwar Katrina ta 2005. An zaunar da mutane a gidajen tirela masu allunan gam, gwajin da aka yi da sanyin hunturu ya nuna fomaldihaid ya yi yawa, a 2008 hukumomi suka ce a kwashe su kafin zafi ya shigo.

A ganina, gara a yi fenti da jere makonni kafin tarewa, a bar tagogi a buɗe. Iyakwandishan ɗin bango iskar ɗakin yake juyawa, ba ya kawo sabuwa. Turaren wuta kuma rufe warin kawai yake yi, ya ƙara nasa hayaƙin. Idan idanun yara na yaji ko maƙogwaro na ƙaiƙayi a sabon ɗaki, da an fita kuma sai abin ya lafa, ku duba bayan kabad da ƙarƙashin gado, inda kafinta ya bar bakin allon da ya yanka tsirara. Ku ce ya dawo ya like shi.