Jawabi Kan Ƙaro Ilimin Mataimakan Malamai a Islamiyyar Unguwarmu

Mai girma Sarkin Hausawa, limamanmu, malamai, iyayenmu mata da ke zaune ta can baya, da sauran 'yan uwa mazauna Agege, ina yi muku barka da zuwa.

Bayan haka, an ce in yi magana a kan samarin nan da 'yan matan da ke taimaka wa malamai a Islamiyyarmu. Ni ɗan kasuwa ne, goro na sani, to sai a yi haƙuri da yadda maganar za ta fito.

Kowa a nan ya san aikinsu. Su ne ke biya wa yara karatu, su karɓi hadda, su kira rajista, su rarrashi mai kuka, su raba masu faɗa. In malam ya yi tafiya gida Arewa, aji gaba ɗaya a hannunsu yake, wani lokaci har wata guda. Amma wa ya taɓa zaunar da su ya koya musu yadda ake koyarwa? Babu. Mutum ya sauke, ya yi Ahalari da Ishmawi, sai mu ce shiga aji. Alhali sanin karatu daban, iya sa shi a kan yaro daban. Balle yaranmu na nan, waɗanda ke Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turanci a boko. Yaro bai gane bayani ba saboda harshe, mataimaki ya ɗauka taurin kai ne, sai bulala. Gobe uwar ta hana shi zuwa, mu ce iyaye ba sa son addini.

To hanya tana nan. Akwai Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976 musamman don malamin da ke bakin aiki. Ba sai mutum ya bar ajinsa ya tafi Kaduna ba. Suna da wuraren karatu a jihohi, har nan Legas. A ba ka littattafai ka karanta a gida, ranar Asabar ka je a yi maka bayani, lokacin hutu a yi jarrabawa, har ka sami takardar NCE. Ita ce mafi ƙarancin shaidar da gwamnati ta yarda a koyar da ita, tunda an daina karɓar tsohuwar Gireti Tu ita kaɗai. A can ne za a koya masa shirya darasi tun kafin ya shiga aji, da yadda ake gane yaron da aka bari a baya, kuma sai an zo an tsaya a kansa an ga koyarwarsa kafin a ba shi takarda. Daga nan ya yi rajista da hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa. Tun 2017 sai an zauna jarrabawarta a kwamfuta.

Na san abin da wasu za su ce: yawancinsu ba su da takardar sakandare mai kiredit a Turanci da Lissafi. Gaskiya ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. Wanda bai da ita sai ya fara da ita, ko WAEC, ko NECO, ko kuma jarrabawar hukumar NBAIS ta Larabci da addinin Musulunci, wadda ta fi kusa da abin da suka riga suka sani.

Mu dubi maƙwabtanmu mana. Shehu Adamu Al-Ilori, Allah Ya jiƙansa, ya buɗe Markaz a Abeokuta a 1952, daga baya ya dawo da ita nan Agege. Aji-aji, da manhaja, da jarrabawa, da takardar shaida. Almajiransa sun bazu ƙasar Yarbawa suna buɗe makarantu. Kullum muna wucewa ta ƙofar nan, ba mu ɗauki komai ba.

Wani dattijo ya ce mini, Alhaji, in muka biya musu suka sami takarda, ai guduwa za su yi inda albashi ya fi. Na ce Baba, yanzu ma ai tafiya suke yi. Abin da muke ba su a wata bai kai kuɗin ɗaki ba, shi ya sa wannan ya koma tura baro a Mile 12, wancan ya kama gadi. Gara ya tafi da takarda bayan ya yi mana shekarun da muka yi alkawari da shi.

Shawarata ita ce ƙungiya ta ɗauki nauyin mutum biyu duk shekara, namiji da mace, kada a mance da matan, don su ke riƙe ƙananan azuzuwa. A rubuta yarjejeniya a gaban liman cewa zai koyar shekara uku bayan ya gama. Ranar Asabar da zai je karatu kuma a samo mai riƙe masa aji, kada a yanke masa ko kwabo. 'Yan goro, 'yan shanu da 'yan canji, kowane ɓangare ya faɗi abin da zai iya bayarwa. Ma'aji yana nan bakin ƙofa da littafinsa, mu 'yan goro za mu fara rubuta namu yau kafin sallar La'asar.

Wassalamu alaikum.