Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai: Idan Ma'aunin Zafi Ya Yi Ƙarya

Jawabi ga masu kiwon kaji da zabi na Tudun Kaya da kewaye



Damina lokacin ƙwan zabi ce a ƙasar Ƙaraye da Rogo. Wasu masu kiwo sukan sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa, mai aiki da lantarki ko sola. Injin yana da amfani. Amma akwai wani ɗan abu a cikinsa wanda in ya lalace, ƙwai duka sai su zama bara-gurbi. Shi ne ma'aunin zafi, wanda masu gyara ke kira sensa.

Sensa 'yar waya ce mai ɗan kai. Ita ke jin zafin cikin injin. In zafi ya yi yawa, sai ta sa wuta ta ɗauke. In ya ragu, sai wuta ta dawo. Akwai irinta a firji da tukunyar suya ta lantarki.

Zafin da ƙwai ke so a injin mai fanka shi ne digiri 37 da rabi. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Na zabo kwana 26 zuwa 28. Idan zafi ya wuce digiri 40 ya daɗe a haka, 'yan tsakin sukan mutu a cikin ƙwai.

Ta yaya mai injin zai gane sensa ta samu matsala? In 'yan tsaki sun fito kafin kwanansu, zafi ya yi yawa. In sun makara, zafi ya yi kaɗan. Wani lokaci lambar da ke fuskar injin takan tsaya wuri ɗaya, ko ta riƙa tsalle, ko injin ya yi ta ƙara.

Ga abin da ya kamata ya yi, ɗaya bayan ɗaya:

1. Ya kashe wuta tukuna. Kada ya taɓa waya injin na kunne.

2. Ya kwashe ƙwai a kwando, ya lulluɓe su da bargo. In akwai kaza mai kwanci, a sa mata wasu. Ƙwai sun fi jure ɗan sanyi a kan zafi mai yawa.

3. Ya duba inda kan sensa yake. Wurinta daidai saman ƙwai ne. In ta matsa kusa da abin da ke ba da zafi, za ta ɗauke wuta da wuri, ƙwai su yi sanyi. In ta faɗa cikin tiren ruwa, za ta ji sanyi, wuta ta ƙi ɗaukewa, ƙwai su dahu.

4. Ya goge ƙura da gashin 'yan tsaki da busasshen ƙyalle.

5. Ya bi wayar har ƙarshe. Ɓera yakan ci ta, ko mahaɗinta ya saki.

6. Ya tabbata fanka na juyawa, ƙofa kuma na rufuwa sosai.

Daga nan sai gwaji. Ya nemo ma'aunin zafin jiki irin na asibiti, ya aje shi kusa da sensa, ya kunna injin. Bayan awa ɗaya ya kwatanta lambobin biyu. In sun bambanta da yawa, sensa ta tashi aiki. A kai wa mai gyara ya sa sabuwa irin tata daidai. Kada a yarda a haɗa wuta kai tsaye ba sensa. Yin haka dafa ƙwai ne, kuma yana iya jawo gobara.

Da bazara kuwa, wani lokaci laifin ba na sensa ba ne. Ɗakin kwano yakan fi digiri 37 zafi da rana, ƙaramin injin kuma ba ya sanyayawa. Sai a mai da shi ɗaki mai inuwa da iska.

Rigakafi ya fi magani. Kafin a zuba ƙwai, a bar injin ya yini ya kwana yana aiki ba kome a ciki. A riƙa rubuta lambar zafi a littafi safe da rana da dare. Wanda ya ga abin da bai gane ba, ya tuntuɓi malamin gona na KNARDA.

Allah ya sa albarka a kiwo. Wassalam.