Jawabin Taron Cikar Shekara: Inda Mota Ke Kwana

Shugabanni, iyayenmu da 'yan'uwa 'yan kasuwa, Allah ya maimaita mana.

Motar da ke kai mu Jibiya ta dawo da mu Maraɗi ita ce rabin jarinmu, don haka makwancinta ba abin wasa ba ne. Mai shirin gina gareji a gida ya auna motarsa da kaya a kanta. Hilux ta haura mita 5 a tsawo. A ba ta mita 7, faɗi mita 4, tsayin ƙofa mita 3, don kada a riƙa sauke buhuna a titi da dare.

A ɗaga daɓe ya fi titi tudu. Kada ƙofa ta kalli gabas, don daga can ruwa da iska ke bugowa. A bar tagogi biyu masu fuskantar juna, saboda hayaƙin mota yana kisa a rufaffen ɗaki. Jarkokin fetur kuwa, kada su kwana tare da mota, balle kusa da ɗakin yara. A rataye abin kashe gobara a bakin ƙofa.

Allah ya tsare dukiyarmu da iyalanmu, ya kai mu baɗi lafiya.