KWANA BAKWAI A KANO: Jawabin Malamin Lakol ga Taron Ƙungiyar Garinmu

 

Ranka ya daɗe Maigari, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu dattawa, shugabannin ƙungiya, da ƴan'uwa waɗanda sunka taso daga Maraɗi, da Yamai, da ƙasashen waje, ina gaishe ku baki ɗaya. An ce in tashi in ba da labarin tafiyar da munka yi Kano cikin hutun ƙarshen Disamba 2024, wurin auren ɗan Baba ƙaramina. Ni yaro ne gabanku. In na yi kuskure a gyara mini.

Mu uku munka tafi: ni, da gwaggon ango, da wani dattijo wakilin dangi. Ranar Talata da asuba munka shiga mota a Gazawa, munka bi ta Agye har Maraɗi. Daga nan sai Ɗan Isa, munka nuna takardunmu, munka ƙetare iyaka zuwa Magama ta Jibiya. Ba mu yarda da tafiyar dare ba, kun san halin da hanyar ke ciki tun da ƴan bindiga sunka dami yankin, har mutanen Nijeriya dubbai sunka yi gudun hijira zuwa ƙasar Gidan Rumji a 2019. Munka kwana Katsina, ranar Laraba da hantsi munka isa Kano, unguwar Kurna, bakin hanyar Katsina, inda Baba ke zaune.

Dattawa sun san shekarar da Baba ya bar gida. Ita ce shekarar yunwar 1984, wadda ake ce ma El Buhari, lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta har zuwa 1986. Ta daji ya bi da ƙafa. Can ya yi aure, can ya haifi ɗiyanshi duka. Angon nan da munka je dominshi sau ɗaya tak ya taɓa ganin garin nan, yana goye bayan uwarshi.

Ranar Asabar anka ɗaura aure a ƙofar masallacin unguwar amarya. Kafin a fara, wani tsoho daga dangin amarya ya dubi Baba, ya ce: "Alhaji, yaron mun san halinshi, ba mu da abin cewa. To amma ina mutanenku na gida?" Baba ya juya ya nuna mu, ya ce: "Ga su nan, daga ƙasar Gazawa sunka zo." Dattijonmu ya gyara zama, ya faɗi sunan kakan ango, da kakan kakanshi, da gidan da sunka fito. Tsohon ya ce: "Madalla, mun ba ku." Anka biya sadaki, anka shafa fatiha, anka raba goro da dabino. Da munka koma gida Baba ya kama hannuna, ya ce da ba mu zo ba, da bai san inda zai sa kanshi ba. Shekara 40 yana Kano, yana da gida nashi na kanshi, amma ran da anka tambayi asali, mutum uku masu ƙurar hanya su ne sunka fid da shi kunya. Gaskiyar Hausawa, zumunta a ƙafa take.

Sauran kwanakin na yi su ne wajen neman abokaina na ƙuruciya, waɗanda munka zauna benci ɗaya a lakol ɗin nan da nike koyarwa yau.

Na farko na iske shi kasuwar Dawanau, babbar kasuwar hatsi da ke bakin garin. Dako yake yi. Ya kai ni ya nuna mini buhunan wake da riɗi da aya, ya yi dariya ya ce: "Mushe, ka ga kayan gidanmu. Ubana ya noma, ni kuma in ɗauka a ka." Ya yi mini lissafin samunshi. Iyayenmu da sunka je cin rani bayan fitowar naira a 1973 sun san lokacin da ɗan abin da mutum ya tara can ke sayen sa da amalanke in ya iso gida. Yanzu abin ya juye. Tun da anka janye tallafin mai, anka saki naira a 2023, darajarta ta faɗi ƙwarai. Ni da kaina na yi canji a Wapa, cikin Fagge: jikka guda ta sefa ta ba ni fiye da naira 2,000. Ke nan in ɗanku ya tara naira 20,000 da gumin goshinshi, abin da zai iso hannunku bai kai jikka 10 ba. Ku riƙe wannan lissafi, zan komo gare shi.

Na biyu Allah ya buɗa mishi. Yana da rumfar atamfa da shadda a Kantin Kwari, da yara biyu masu yi mishi aiki. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ba da turmi biyar a kawo ma tsofaffin unguwarsu, an kuwa raba. Amma da na tambaye shi labarin sauran ƴan garinmu da ke Kano, mutum huɗu kaɗai ya iya lissafawa. Ni kuwa cikin kwana shida na ga 17 da idona. Gari ɗaya suke zaune, ba su san inda juna suke ba.

Na uku shi ne dalilin tsayuwata gabanku. Ba zan faɗi sunanshi ba, don ya roƙe ni, wanda ya gane kuma ya rufa asiri don Allah. Daren da za mu tashi uwarshi ta zo har gida, ta ce: "Ɗana, in ka ga abokinka, ka duba mini ko yana da rai." Shekara tara rabonshi da gida. Kwana biyu ina cigiya kafin wani mai shayi ya kai ni wajen Bachirawa. Na hango shi yana tura kurar ruwa, jarka 12 a ciki. Da ya gane ni sai ya so ya kauce, na kira shi da sunan da muke kiranshi tun muna yara, ya tsaya.

Munka zauna ɗakinshi, ɗaki guda na haya, shi da matarshi da ɗiya uku. Na ce: "Wane, me ya hana ka zuwa gida?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Da me zan je? Zuwana na ƙarshe, tun ban sauke jaka ba ake tambaya me na zo da shi. Anka ce mini wane ya gina soro, wane ya sayi babur. Na rantse ba ni komawa sai da abin nunawa, ga shi abin ya ƙi." Ya taɓa tara kuɗin mota a 2019, anka rufe iyaka cikin Agusta har ƙarshen 2020, kuɗin sunka tafi ga abinci. Ya sake tarawa, anka sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Ɗiyanshi ba wanda ke da takardar haihuwa, ta can ko ta nan. Babbar ta kai shekara takwas, ba ta taɓa shiga aji ba. Gonar gadonshi kuwa tana hannun jingina, ba a rubuta komi ba, kuma ɗaya daga cikin shaidun biyu ya rasu. Kun san yadda ƙasar noma ta yi ƙaranci tsakanin Agye da Gazawa, kun san kuma yadda irin wannan magana ke ƙarewa gaban alƙali.

Da zan tashi ya ba ni sabulu sanda biyu da ƙullin dabino, ya yi magana cikin wayata in kai ma tsohuwa. Ranar Litinin munka iso gida, ranar Talata na kai mata. Sau uku ta sa na maimaita mata muryar. Sabulun ko kallonshi ba ta yi ba.

To jama'a, ina roƙon abu uku.

Na ɗaya, gare ku iyayenmu. In yaro ya komo, a fara tambayar lafiyarshi, a bar maganar tsaraba sai in shi ya fito da ita. Kun ji lissafin canji da na yi muku. Wanda ya zo hannu wofi ba lalaci ya yi ba. Kada mu bari kunya ta raba uwa da ɗanta shekara tara.

Na biyu, ga shugabannin ƙungiya. A buɗe littafi guda, a rubuta sunan kowane ɗan gari da ke waje, da unguwar da yake, da lambar wayarshi, da sunayen ɗiyanshi. Na ɗauki nauyin rubutun, ga 17 na Kano na fara da su. In aure ko suna ko rasuwa ta samu ɗayansu, a fid da kuɗin mota daga asusu a aika wakili, ko mutum guda ne.

Na uku, gare ku ƴan'uwa masu zama waje. Ku yi ma ɗiyanku takardar haihuwa. Akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a Kano, ku je ku tambayi hanya. Yaron da ba shi da takarda, ko na karɓe shi aji, zai sha wahala ran jarrabawa. Wanda kuma ya ba da gona aro ko jingina, ya zo a rubuta gaban Maigari da shaidu, kamar yadda dokar karkara ta 1993 ta tanada. Kowa ya yi ƙoƙari ya taka garin nan ko sau ɗaya cikin shekara biyu, ya zo da yaro guda, ya nuna mishi gidan kakanshi da iyakar gonarsu.

Abokina ya yi mini alkawarin zai zo bayan an cire amfanin gona. In ya zo, ina roƙon mu tarbe shi kamar wanda ya tafi jiya.

Allah ya ba ango da amarya zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah ya tsare matafiyanmu, ya ba ƙasashenmu biyu kwanciyar hankali, ya ba mu damina mai albarka.